Yadda Na Ƙara Wa Kawu Shekara 580

Mu uku muke haɗa wata manhaja ta yi wa masu Umara rajistar masauki da mota. Ni ina Makka, can Shara Mansur, ni ke rubuta takardar yarjejeniya, wato abin da waya za ta aika wa sabar (babbar kwamfutar da ke karɓar bayanai) da abin da sabar za ta amsa. Wani yaro a Kano shi ke gina sabar, wani ɗan'uwanmu Bahaushen Sudan kuma shi ke gwaji. Ko taro sai an yi rigima: in na ce ƙarfe 9, a Sudan 8 ce, a Kano 7, kowa kuma agogonsa yake bi.

A takardar nan ta OpenAPI (tsarin rubuta irin wannan yarjejeniya) na rubuta "shekarar haihuwa: lamba", na wuce abina. Mu nan ai da shekarar Hijira muka saba, wa zai tsaya bayani? Yaron Kano bai tambaya ba, ya ɗauki 2024 ya riƙa cire duk lambar da ta shigo. Mai gwaji ya kunna manhajar gwaji ta Postman, ya zuba 1980, 1990, komai ya dawo 200, wato lafiya lau, ya turo mana sakamako kore shar. Muka yi ta yabon juna.

Daren nan na ce bari in taɓa da hannuna. Na sa sunan Kawu, lambar wayarsa, da shekarar haihuwarsa ta Hijira, 1375. Ashe ba sabar gwaji na nufa ba, ta gaske ce, mai aika saƙo.

Kawu kuwa mutum ne da yake neman ƙarin aure, gemu ya sha lalle, shekara goma ke nan yana cewa 55 gare shi. Yana zaune a gidan surukan da yake nema, ya manta tabarau, sai ya miƙa wa ƙanin yarinyar wayar ya ce karanta mini. Yaro ya karanta da ƙarfi: "Barka da zuwa Alhaji. Ganin shekarunka 649, mun tanadar maka keken turawa da mai tura ka wajen ɗawafi."

Da asuba na kira Kano ina kumfar baki. Yaron ya ce, "Oga, ina Hijira a takardarka?" Na duba sama da ƙasa, babu. Ya ƙara da cewa ai Kawuna ya girmi Sarki Rumfa, a gaishe shi. Mai gwaji ya ce shi abin da aka rubuta ya gwada, ba a ce masa akwai mai shekara 649 ba.

Ranar na gyara: tsarin kwanan wata na ISO 8601, miladiyya, shekara-wata-rana, da gwajin da zai ƙi duk wanda ya haura 120.

Da na je ban haƙuri, na ce, "Kawu, kuskuren na'ura ne, ainihin lissafin 69 ne."

Ya ɗago ya dube ni. "Wa ya tambaye ka ainihin?"