Takardar shaidar mai duba funfuna ba lasisin gwamnati ba ce

Masu gidaje da yawa a Amurka, da zarar mutum ya fito musu da takardar ƙwarewa kan funfuna da ingancin iskar ɗaki, sai su ɗauka gwamnatin tarayya ce ta tantance shi. Sam ba haka ba ne. Hukumar kare muhalli ta EPA ba ta ba kowa irin wannan shaida, ba ta kuma ƙayyade yawan ƙwayoyin funfunar da ya halatta a samu a iskar gida ba.

Galibin takardun nan ƙungiyoyi masu zaman kansu ne ke bayarwa, kuma darajarsu ba ɗaya ba. Wata kwas ɗin 'yan kwanaki ne kawai a intanet. Wata kuwa, irin ta ACAC, wata ƙungiyar tantance ƙwararru a Amurka, sai an ci jarrabawa an kuma nuna shekarun da aka yi ana aikin.

Lasisi na jihohi ne, kuma kaɗan ne ke da shi, kamar Teksas da Fulorida. Dokar Niyok da ta fara aiki a 2016 ta fi burge ni: wanda ya duba gida ba shi zai yi kwangilar gyaransa ba, don kada ya zuzuta matsalar ya ci riba.

Ƙwararren gaske ba kwalbar gwajin iska kaɗai zai ajiye ya tafi ba. Zai durƙusa ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ya ɗaga kafet, ya ɗora na'urar auna danshi a bangon da fenti ya kumbura, har sai ya gano inda ruwa ke yoyo, domin funfuna ba ta tsirowa sai da laima.