Ɗarin da ta san hanyar tafiya, ba ta san ta dawowa ba

A ƙarshen Afrilun 2020, ana cikin azumi, alat ya shigo wayata. Fiye da wata guda ke nan rabona da ƙofar otal ɗin da nake aiki a Manchesta saboda kullen annobar korona, amma ga kashi 80 cikin ɗari na albashina ya faɗo. Ban cike fom ba, ban bi layi ba, ban roƙi kansila ya sa sunana ba. A daren ne ƙanena ya kira daga Kano. Adaidaita sahu yake ja, kuma tun 16 ga watan aka kulle garin. Bayan doguwar gaisuwa da kewaye-kewaye ya ce, "Yaya, wallahi nauyin kiranka nake ji, amma yau kwana uku da kunu kaɗai yara ke kwana." Na gutsura masa daga kuɗin da aka biya ni don in zauna a ɗaki. Ka ga ke nan baitulmalin Sarauniya ne ya ɗora tukunya a wani gida a Kurna, ba tare da ita ko ministanta sun sani ba.

Tun lokacin nake jin mutanenmu suna cewa ai Turawa sun fi mu tausayin talaka. Shekaruna a ƙasar nan sun isa in ce ba tausayi ne ya biya ni ba, littafi ne. Duk wata, kafin albashi ya iso hannuna, an riga an zare haraji da kuɗin inshorar ƙasa. Hukumar haraji ta san sunana, da lambata, da wanda ya ɗauke ni aiki, da abin da yake ba ni har kwabo. Da ministan kuɗi Rishi Sunak ya tsaya ranar 20 ga Maris 2020 ya ce gwamnati za ta biya kashi 80 na albashi, har zuwa fam 2,500 a wata, bai gina komai sabo ba. Bututun da ke zuƙo kuɗi daga gare mu kawai aka juya, ruwan ya koma baya. Kafin a rufe shirin a ƙarshen Satumban 2021 ya tallafi gurabun aiki miliyan 11.7, ya laƙume kusan fam biliyan 70.

Kada wani ya ɗauka aljanna nake ba da labari. Komar nan ma tana da manyan ɓulolli, kuma na san waɗanda suka zurare ta ciki domin sahu ɗaya muke tsayuwa a masallaci. Mai aikin kansa, kamar direban tasi, sai ya riga ya miƙa takardar harajinsa ta shekarar 2018 zuwa 2019 kafin a dube shi. Wanda ya fara sana'ar daga baya ya tashi a tutar babu. Mai wanke-wanke a gidan abinci da ake biya a hannu, shi dama babu shi a littafin kowa. Da yawa daga cikinmu baƙi an buga mana sharaɗi a biza cewa ba mu da rabo a tallafin gwamnati, don haka idan aka sallame ka gaba ɗaya, sai kai da Allah da buhun shinkafar da masallaci ke rabawa. Kuɗin jinya da doka ta wajabta a lokacin fam 95.85 ne a mako, kuma sai albashinka ya kai fam 120 a mako ka cancanta. Mata masu kula da tsofaffi, waɗanda duk Alhamis ƙarfe takwas na dare muke fitowa bakin ƙofa muna yi musu tafi, wasunsu da zazzaɓi suka riƙa lallaɓawa aiki, domin tafi ba ya biyan haya. Ƙarin fam 20 a mako da aka yi wa marasa galihu kuwa, watan Oktoban 2021 na kamawa aka janye.

Abin da na gani dai ɗaya ne, nan da can: wanda sunansa ke littafi kafin masifa ya samu, wanda babu shi ya rasa. Bambancin shi ne a nan 'yan wajen littafin su ne tsiraru, a gida kuwa su ne ƙasar. Ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna fiye da tara cikin goma na masu aiki a Najeriya ba aikin ofis ko kamfani mai rajista suke yi ba. Ɗan dako a Singa, ɗan kamasho a tasha, mai shayi, ɗan ga-ruwa, yaron shago a Kantin Kwari, duk hannu baka hannu ƙwarya, sai an fita ake samu.

Gwamnatin Buhari ta motsa, ba zan ce ba ta motsa ba. An raba naira 20,000 ga gidajen da ke cikin kundin marasa galihu, an kuma ba da umarnin faɗaɗa kundin daga gida miliyan 2.6 zuwa miliyan 3.6. Sai dai kundin an tsara shi ne don matalautan da talaucinsu ya daɗe, galibi a karkara. Ƙanena a watan Maris ba ya cikinsu. Yana biyan mai babur balas, yana ba da cefane, har ya rage na adashi. Sati ɗaya da kulle ya zama mabuƙaci, kuma babu takardar da ta san haka. Daga baya aka zo da naira 30,000 ga masu sana'ar hannu da direbobi, aka soma neman sunaye ana tsakiyar annoba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yadda abin ya ƙare kowa ya gani a Oktoban 2020, lokacin da jama'a suka ɓalle rumbunan tallafin korona a Legas da Jos da Kaduna da Abuja, suna fita da buhuna a ka. Abincin yana nan; hanyar da zai bi ya iske mai shi ce ba a shimfiɗa ba.

Akwai masu cewa mu ba ma buƙatar tsarin Bature, muna da zumunci da adashi da zakka. Ni ma da su aka raine ni, kuma da kuɗin adashin mahaifiyata aka biya mini jarrabawar gama sakandare. Amma zumunci maganin gobarar gida ɗaya ne: naka ya ƙone, maƙwabta su kawo langa-langa. Idan unguwar duka ta kama fa? A kullen nan uwar adashi ta rufe littafi saboda ba mai zubi. Alhajin da ake dogara da shi, shagonsa na garƙame. Mu ma na waje da aka mayar baitulmali, hannunmu ya yi sanyi: Bankin Duniya ya ce kuɗin da 'yan Najeriya ke aikawa gida ya ragu da kusan kashi 28 cikin ɗari a 2020.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne bayan an buɗe gari. A Fabrairun 2021, mutane ba su gama farfaɗowa ba, 'yan adaidaita sahu suka tafi yajin aiki a Kano kan harajin naira 100 a kullum, gari ya koma tafiyar ƙasa. Ashe dai an san su! Akwai lamba a jikin kowane babur, akwai rasit, akwai jami'in da zai tare ka a titi ya duba ko ka biya. Haka mai tebur a kasuwa, haka direba a tasha da tikitin ƙungiya. Ƙaryar cewa ba a san inda masu ƙananan sana'a suke ba ta ƙare. Bututun yana nan a jikinsu, gefe ɗaya kawai yake gudu.

Shi ya sa ba na ganin sai an kwaikwayo Birtaniya. Daga kowane tikitin da aka yanka wa mutum, a ware wani kaso da sunansa, a ɗaure da lambarsa ta katin ɗan ƙasa, saƙo ya shigo wayarsa ya ga abin da ya taru. Jiha ta ɗora nata a kai. Ranar da ya karye a hanya, ko maleriya ta kwantar da shi, ko hukuma da kanta ta ce kada ya fita, daga nan za a ba shi na cefane, a kuma biya masa inshorar lafiyar da dokar 2022 ta wajabta wa kowa amma har yau yawancin masu sana'a ba su da katinta. Rabin aikin ma an yi shi: tun Maris 2019 aka ƙaddamar da ƙaramin fansho na masu sana'a, wanda a lokacin ya ba mutum damar cire kashi 40 don lalura, a bar masa 60 don tsufa. Matsalarsa jira yake ɗan dako ya kawo kansa. Mai tikiti kuwa ba ya jiran kowa.

Na san abin da za a ce: za a cinye. Tsoron yana da tushe, tunda a Janairun 2024 ministar da ke riƙe da kuɗin talakawa ce aka dakatar kan zargin karkatar da su. Saboda haka ne ma nake cewa kada kuɗin su kwana a asusun ma'aikata ko aljihun shugaban ƙungiya, su tafi kai tsaye asusun mai su, yadda na ma'aikacin fansho ke tafiya. Abin da ya sa mace ke miƙa wa uwar adashi kuɗinta ba tare da shaida ba shi ne ta san ranar ɗaukarta. Inda dabarata ta gaza kuwa shi ne wajen mata masu sana'a a cikin gida, mai ƙosai da mai kitso da 'yar aikatau, waɗanda ba a yanka musu tikiti. Su sai an bi ta ƙungiyoyin adashinsu da masu unguwanni, kuma wannan aikin ƙafa ne, ba na kwamfuta ba.

Da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, aka sake alƙawarin naira 25,000 na wata uku ga gida miliyan 15, aka kuma sake komawa farautar sunaye kamar ba a taɓa yin korona ba. Na kira ƙanena na tambaye shi ko nasa ya fito. Ya yi dariya, ina jiyo ƙarar hon a bayansa. "Yaya, wane suna kuma? Ai lambata na nan ɓaro-ɓaro a gaba da bayan babur. Ko yau da safe sai da aka karanta ta."