Wai tare hanya ba wasa ba ne? To ku goge shi daga littafin doka

Tun ranar Asabar nake danne zuciyata ina cewa bari in kama bakina, amma wallahi abin ya ƙi wucewa. Duk wanda yake zauren gasar robot ɗin nan ya ga abin da aka yi a wasan kusa da na ƙarshe, inda robot ɗin yaranmu ya tare wa na abokan karawa hanya. Yara sun ci wasa, maki ya fito a allo ƙiri-ƙiri, maimakon tafi sai ihu, har da wani babba da furfurarsa, mai horar da yara fa, yana ɗaga murya wai "wannan ai ba injiniyanci ba ne, kokawa ce". Kokawa! To sannu Farfesa, Allah ya ƙara ilimi.

Ni tambayata ɗaya ce, a wane shafi aka hana? Ku buɗe littafin dokar ku nuna min. Ba za ku samu ba, abin da za ku samu shi ne ƙa'idojin yadda ake yin sa, kuma ai ba a tsara wa haramtaccen abu ƙa'ida. A gasar FIRST ta 'yan sakandare, wadda ake yi tun 1992, an yi shekara da shekaru ana bin dokar cewa in ka danne robot ɗin wani a jikin bango alƙalin wasa zai fara ƙirga maka daƙiƙa 5, kafin su cika ka sake shi ka ja baya ƙafa 6. A wasan 2019 cewa suka yi robot ɗaya kacal zai iya tsallakawa ɓangaren abokan hamayya a lokaci guda. Su VEX kuma, wata gasar robot ɗin, sun rubuta cewa in abu ya rikice tsakanin mai kai hari da mai tarewa, mai kai harin ake yi wa uzuri. Bambar nan mai kare jikin robot da ake tilasta wa kowa ya ɗaura, ja ko shuɗiya, da lambar ƙungiya a jiki, kuna zaton kwalliya ce? An san za a yi karo shi ya sa aka ce a ɗaura. Mutanen da suka zana filin da hannunsu sun yarda da tare hanya, kai da ka zo da kujerarka kake cewa ba wasa ba ne.

Kuma tunda wai mu ne ba mu san injiniyanci ba, bari mu yi lissafi, ai lissafi ba ya son kai. A tsarin da aka daɗe ana yi a baya, wasa minti biyu da rabi ne, ka cire daƙiƙa 15 na farko da robot ke tuƙa kansa, saura 135 a hannun direba. A ce naku yana ɗauko abu ya kai ya zuba ya dawo cikin daƙiƙa 10, sawu 13 kenan. Ni kuma in na tsaya maka a hanya na mayar da kowane sawu daƙiƙa 15, ka koma sawu 9. Sawu huɗu sun tafi. In nawa robot ɗin da ƙyar yake yin sawu biyu a wasa gaba ɗaya, don Allah wanne ya fi wa ƙawancenmu, wato ƙungiyoyin da muke ɓangare ɗaya da su, amfani, in ci biyu ko in hana huɗu? Makin da ka hana da makin da ka ci duk ɗaya ne a kan allo. Allon bai da wani gurbi na "maki masu mutunci".

Abin da masu ihun ba su gani ba shi ne abin da ya faru a rumfar gyara kafin wasan. Hannun robot ɗin yaranmu ya karye a wasan da ya gabata, giyar da ke ɗaga shi ta zubar da haƙora, saura minti kaɗan a kira su, babu wata a jaka. Na ga yarinyar da ke tuƙi ta durƙusa a ƙasa da takardun da abokanta suka yini suna cikawa a kan benci, waye ke bi ta dama, waye ke jinkiri wajen juyawa, waye ke rikicewa in an taɓa shi yana saiti. Ita ta ɗago ta ce, Malam mu ɗaure hannun kawai, na san inda yake bi. Da igiyar roba suka ɗaure shi. Ta shiga fili ta tsaya wa robot ɗin da ya fi kowa ci a ranar, ko laifi ɗaya ba a rubuta mata ba, ina kallon leɓenta tana ƙirgawa tare da alƙali, kafin ya kai ƙarshe ta ja baya, ta sake dawowa. Yarinya ta yi wannan, ta fito hannunta na rawa, abin da ta fara ji shi ne ihun manya. Ni abin da ya tsaya min a rai kenan, ba kofin ba.

Wai yara ba sa koyon komai in suna tare hanya. Haba dai. Je ka gina robot ɗin da zai ture wani ba tare da ya kife ba ka dawo mu yi magana. Sai nauyinsa ya zauna ƙasa, sai ka zaɓi tayar da ke kama kafet, sai ka san giyar da za ka sa don in ka ba shi gudu ka rasa ƙarfi, in ka ba shi ƙarfi kowa ya zagaye ka ya wuce. Batir ɗaya ne mai volt 12, ka yi ta turi injinan suna zuƙar wuta sai ka ga robot ya yi sanyi a tsakiyar fili kamar an zare masa rai. Wannan duk ba darasi ba ne? Sai mai dogon hannu mai walƙiya shi ne ya yi karatu?

Wai ana lalata wa mutane kaya. Akwai doka a kan wannan, akwai katin gargaɗi akwai jan kati, wanda ya sa ƙarfe cikin jikin robot ɗin wani ko ya kifar da shi da gangan a kore shi, ni zan fara tafi. An ba mu kati? Ba a ba mu ba. To a wuce wurin.

Sai masu jawo mana sunan marigayi Woodie Flowers, malamin MIT ɗin nan da ya koyar da cewa a yi gasa da mutunci. Mutumin nan bai taɓa nufin ka buɗe wa abokin karawarka hanya ka ce bismillah wuce ba. Ku fafata iya ƙarfinku a fili, in an fito ka ara masa sufana. Kuma mun ara, da safen ranar su waye suka ba abokan karawar tamu waya da fis? Mutuncin da ake magana ai shi ne kar babba ya yi wa 'yar shekara sha shida ihu.

Gaskiyar da ba a so a faɗa ita ce wasu sun saba gina robot kamar su kaɗai za su shiga fili. Wata da watanni suna atisaye a ɗaki babu kowa a gabansu, komai santsi, ranar da aka taɓa su sai duk tsarin ya watse, maimakon su ce kai ashe direbanmu bai iya kaucewa ba, sai a ce laifin wanda ya tare ne. In robot ɗinka ba ya iya cin maki sai an ba shi hanya, ba ka gama gina shi ba. Kuma ku da kanku, lokacin zaɓen ƙawance in an zo zaɓi na ƙarshe wa kuke nema? Ba mai ƙarfin turi ba? In yana ɓangarenku dabara ce, in yana ɓangaren wasu kokawa ce. Mun gane.

Abin ma ya tuna min Inter ta Mourinho a 2010, da suka je gidan Barcelona aka ba Thiago Motta jan kati tun kafin hutun rabin lokaci, mutum goma suka jibge a baya aka ci su ɗaya suka wuce da 3-2 jimilla, har yau akwai waɗanda ba su huce ba, kofin kuma yana Milan.