Wane zaɓi ne budurwar take da shi?

Wani marubuci ya ce 'yammatan manyan gidajen Ingila na farkon ƙarni na 19 su ke zaɓar mazajensu a dandalin rawa, ni kam ban gamsu ba. Gaskiya ne ana kai budurwa fada ta gaida Sarauniya Charlotte, sannan ta shiga bukukuwan Landan lokacin zaman majalisa, amma ko'ina uwa ko gwaggo na biye da ita, ba ta keɓewa da saurayi. Dokar 1753 ta hana wadda ba ta kai shekara 21 ba aure sai da yardar waliyyi, shi ya sa masoya ke gudu zuwa ƙauyen Gretna Green a Scotland, inda dokar ba ta aiki. Abin da ya fi ci min rai, da an ɗaura aure kuɗinta sun zama na miji, sai abin da iyaye suka tsare mata a rubuce, kuma kafin 1857 saki sai majalisa ta yi doka ta musamman a kan auren. Masu kiran wannan lokaci "zamanin soyayya", idan mijin ya cinye dukiyar a caca, ina matar za ta kai kukanta?