Tura ɗalibi SIWES daban, koya masa aiki daban

Tun 1973 hukumar ITF, mai kula da horar da ma'aikatan masana'antu, ta ɓullo da shirin SIWES, wato tura ɗalibai wuraren aiki su koyi aiki da hannunsu kafin su gama karatu, saboda masu masana'antu suna kukan ana yaye musu ɗalibai masu takarda waɗanda hannunsu bai taɓa inji ba. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan, amma a ganina har yau ba mu zauna mun fayyace me ake so ɗalibi ya koyo ba. Ana miƙa masa wasiƙa, a ce je ka nemo wuri, shi ke nan.

A takarda tsarin ba laifi: wata huɗu ga ɗalibin ND (ƙaramar difloma ta kwalejin fasaha), wata shida ga yawancin na jami'a, logbuk (littafin rubuta aikin da aka yi) da za a cike kullum, mai kula da shi a wurin aiki ya sa hannu, malami ya kai ziyara. A ƙasa kuwa, sai ka tarar da ɗalibin lantarki yana kai fayil daga ofis zuwa ofis. Logbuk ɗin a dare biyu ake cike shi, da biro ɗaya, tun shafin farko har na ƙarshe. Yaron ba shi da laifi sosai, ba a faɗa masa abin da ya je nema ba.

Gyaran daga sashen da ɗalibi yake karatu a makaranta zai fara. Kowane sashe ya rubuta ayyuka goma ko sha biyu da dole ɗalibi ya yi da hannunsa. Ɗan lantarki ya haɗa allon rarraba wuta, ya auna batirin sola da mita, ya gano inda waya ta haɗu. Wurin da ba zai samu ko rabin wannan ba, kada a amince da shi, ko da ma'aikata ce mai hawa uku. Shagon mai haɗa sola da makaranta ta tantance ya fi masa amfani nesa ba kusa ba.

Sai daidaitawa tsakanin makarantu, misali na jihar Katsina. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, Al-Qalam, kwalejin Hassan Usman, kwalejin ilimi ta tarayya (FCE), ga na Dutsin-Ma da Daura, duk wuraren aiki ɗaya suke nema, kuma hukumomin da ke kula da jami'o'i (NUC) da kwalejojin fasaha (NBTE) da kwalejojin ilimi (NCCE) kowa da nata tsarin. In jami'an SIWES na makarantun nan suka riƙe rajista ɗaya, wane wuri, mutum nawa yake ɗauka, a wane wata, da an daina jibge yara talatin inda biyar za su isa.

Lokaci ma abin dubawa ne. Ɗalibin noma ya fita da damina, Yuni zuwa Oktoba. In kuma rani ya kama, a tura shi wajen masu noman rani a madatsar ruwan Jibiya ko ta Zobe.

Kuɗin motar malami mai ziyara a biya kafin tafiya, domin "za a biya ka daga baya" ita ke kashe ziyarar. Maki kuma kada a ɗora shi kan rahoto kaɗai. Ranar da ɗalibi ya dawo, a zaɓi aiki biyu daga jerin nan, a ajiye masa kayan aiki a gaba, ya yi a gani.