Kwabon da ya tsone min ido

Ranar da saƙo ya zo cewa an ɗauke ni sanin makamar aiki na mako 10 a wani kamfanin juya kuɗin masu zuba jari, tafiyata ma sai da ta canza. Na ari kwat a wurin yayana, hannunta har ya rufe min yatsu. Na haddace tarihin Warren Buffett, shahararren mai zuba jarin nan na Amurka, tun haihuwarsa a Omaha a 1930 har karɓe ragamar kamfanin Berkshire Hathaway da ya yi a 1965. A lissafina, kafin dogon hutu ya ƙare ba za a saki ko sisi ba sai an ji ta bakina.

Makon farko ya tafi a wurin masu kula da bin ƙa'ida. Kada ka sayi hannun jari sai da izini, kada ka fitar da abin da ka ji a ofis. Na sa hannu ina ɗaure fuska, alhali abin da ke asusuna bai kai a kafa masa doka ba. Mako na biyu Excel, manhajar lissafi a kwamfuta. Na uku ma Excel. Na'urar Bloomberg kuwa, kwamfutar da ke nuna farashin kasuwa, mai baƙin allo da rubutu ruwan goro, sai mai ita ya fita nake zuwa in zauna in yi kamar ina fahimta.

A mako na huɗu oga ya kira ni. Mutum ne marar hayaniya, irin wanda idan ya ce "to" sai ka kwana kana fassara. Ya ba ni wani kamfani da ake cinikin hannun jarinsa a kasuwar Landan, ya ce in ƙiyasta darajarsa. Hanyar a aji mun yi ta: ka hasashe kuɗin da kamfanin zai riƙa samu a shekaru masu zuwa, ka rage su zuwa ƙimarsu ta yau, ka cire bashi, ka raba da yawan hannayen jari, sannan ka gwada da farashin kasuwa.

Kwana uku ban yi barcin kirki ba. Lissafina ya ce kowane hannun jari bai wuce fam 9 ba. Na leƙa allo, sai na ga 870.

Na goge ido. Na sake lissafi daga tushe, 9 ɗin nan tana nan ba ta motsa ba. Wato duk manyan Landan, da digirorinsu da kwamfutocinsu, suna sayen kayan fam 9 a kan fam 870, kuma ni, mai kwat ɗin aro, ni kaɗai Allah ya buɗe wa ido. Na tuna tsirarun mutanen da suka hango rikicin tattalin arziki na 2008 kafin bankin Lehman Brothers ya durƙushe. Har na fara tunanin wace fuska zan yi a hoton jarida.

Abokiyar zamana a ofis, ita ma ɗaliba ce, ta ga ina murmushi ni kaɗai ta ce, "Malam, lafiya? Kawo in duba maka." Na karkatar da allon. Wa zai ga tsuntsu daga sama gasasshe ya kira jama'a? Wannan karkatar da allo ita ce har yau take ci min rai, domin daƙiƙa biyar ta ishe ta.

Ranar Litinin a taron safe aka ba ni minti biyar. Na zo da shafi 14. Na gyara murya, na naɗe hannun kwat, na bi su dalla-dalla, na rufe da cewa duk abin da muke riƙe da shi na kamfanin nan a sayar yau, kafin duniya ta farga.

Ɗakin ya yi tsit. Ni kuwa na ɗauka kwarjini ne.

Oga ya cire tabarau, ya goge shi a hankali. "Ƙanena, 870 ɗin nan, 870 na mene ne?"

"Fam, yallaɓai."

"Karanta min haruffan da ke gefen lambar."

Na sunkuya. GBX. Uku ne kacal, ƙanana, kwana uku suna kallona ina kallonsu.

Ashe a kasuwar Landan yawancin hannayen jari ba da fam ake rubuta farashinsu ba, da kwabon Ingila ne, kuma tun 1971 kwabo 100 ke yin fam ɗaya. Rahoton kamfani da fam, farashin allo da kwabo. Wato 870 ɗina fam 8 ne da kwabo 70. Tsakanina da kasuwar da na zo in tona wa asiri kwabo 30 ne, kuma shi ma ya nuna a saya ne, ba a sayar ba.

Wani ya fara tari, tarin ya rikiɗe, sai ɗaki ya ɗauka. Na so ƙasa ta tsage, amma muna hawa na sama, ko ta tsage wani ofishin zan faɗa. Oga bai yi dariya ba, wanda ya fi ciwo. Ya ce lissafin kansa ba laifi, fam 9 ba ta yi nisa da nasu ba. Wannan yabo na riƙe shi kamar mai riƙe bargo a sanyi.

Daga ranar sunana ya ɓace. Har mai gadin ƙofa, da ban san ta ina labari ya kai masa ba, "Barka da zuwa, Kwabo" yake ce min.

Mako na shida oga ya ajiye min sabon aiki, wani kamfani a kasuwar Johannesburg. Ban ko buɗe ba na juya allon gaba ɗaya wajen abokiyar zamana. Ta leƙa, ta ga 12,400, ta ga idona ya fara ƙyalli.

"Kwabo," ta ce, "zauna. Su ma da santi, kwabon ƙasarsu, suke rubutawa."