Istakozar Bahar Maliya: Yawan Kamu Ba Shaidar Lafiyar Teku Ba Ne

Tun da yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya tilasta wa gwamnati da 'yan kasuwa da ma'aikatan agaji kwararowa Bur Sudan, wata magana ta zama waƙa a bakin masu neman hanyar samun kuɗin waje: wai Bahar Maliya taska ce da ba a taɓa ba, wai Allah Ya ajiye mana dukiya a bakin ƙofa muna barci. Da najil, wani kifin teku mai tsada, ake buga misali a da, yanzu kuma an jawo istakoza cikin zancen, wato ƙaton jatan landen nan na teku mai dogayen ƙahoni, wanda otal-otal ke saye da tsada. Ana ta lissafin dalolin da za a samu in an loda ta a jirgi zuwa Jidda ko Alƙahira ko Dubai. Hujjar da ake kafawa kuwa guda ce, ita ce ta sa na ɗauki alƙalami: a je kasuwar kifi ta Sigala da ke Bur Sudan da safe a ga yadda ake sauke ta, ai wannan ya nuna teku na cike.

Wannan hujja ba ta da ƙafa. Abin da aka sauke a kasuwa shaida ce ta abin da aka raba teku da shi. Bai ce komai ba game da abin da ya saura. Mai gidan da ke auna arzikinsa da yawan kwanon hatsin da ake ɗebowa daga rumbu kullum, bai taɓa leƙa cikin rumbun ba, zai ci gaba da murna har ranar da hannun mai ɗiba zai taɓa ƙasa. Kamu na ƙaruwa ne saboda dalilai da yawa waɗanda ba su da alaƙa da lafiyar teku: masu saye sun yi yawa, farashi ya tashi, matasan da yaƙi ya raba da sana'o'insu sun shiga ruwa, an samu injin jirgi da ƙanƙara da fitila mai ƙarfi, an fara kai wa ga tsibiran da a da ba a zuwa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya cika kasuwa a daidai lokacin da ruwa ke yin fanko.

Ba hasashe nake yi ba, abu ne da ya faru a gaban idon duniya. A gabashin Kanada, manyan jiragen kamun kifin kod sun ci gaba da cika ragarsu shekara da shekaru, domin kifin da ya rage yana taruwa wuri guda, su kuma suna da na'urar gano inda ya taru. Ƙananan masunta na bakin gaɓa sun yi ta kukan cewa kifi na ƙanƙancewa, aka yi musu kunnen uwar shegu saboda alƙaluman kamu na da kyau. A watan Yulin 1992 gwamnati ta rufe kamun gaba ɗaya, mutum wajen 30,000 suka rasa abin yi a Newfoundland da Labrador, kuma an shafe shekaru fiye da 30 kafin a sake buɗe shi, shi ma da ɗan ƙaramin kaso.

Idan Kanada ta yi nisa, ga Oman nan kusa. A ƙarshen shekarun 1980 ana kama kusan tan 2,000 na istakoza a shekara a gaɓar Zufar da Wusɗa, ana fitar da ita waje ana cin riba. Ba a daɗe ba kamun ya faɗo zuwa 'yan ɗaruruwan tan, har aka matse lokacin kamu ya koma wata 2 kacal a shekara, aka hana taɓa mace mai ƙwai, aka kafa ƙa'idar cewa ɓawon bayanta ya kai santimita 8 kafin a ɗauka. A lura da wani abu: ruwan Oman ya fi namu abinci nesa ba kusa ba, domin iskar damina tana tayar da ruwan ƙasa mai sanyi da taki zuwa sama kowace shekara. In tekun da ke da wannan gata ya gaza jure kwaɗayin kasuwa, da wane ƙarfi namu zai jure? Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Masu maganar taska ba sa son a tuna musu irin tekun da muke da shi. Bahar Maliya ba ta da kogi ko guda da ke zuba mata ruwa duk shekara. Khor Baraka da ke gangarowa Tokar ma sai da damina yake motsi. Gishirinta ya kai giram 40 a lita, alhali manyan tekuna ba sa wuce 35 sosai. Garai-garai ɗin nan na ruwanta da masu ninƙaya daga Turai ke biyan kuɗi su zo kallo, alama ce ta ƙarancin ƙananan halittun da kifi ke ci. Launuka da nau'o'i suna da yawa, amma yawan nau'i daban, yawan nauyi daban. Gaɓarmu ta kai kimanin kilomita 750, sai dai tudun da ke ƙarƙashin ruwan siriri ne, da ka ɗan yi gaba sai zurfi. Adadin tan 10,000 na kifi a shekara da rahotanni ke ta maimaitawa a matsayin abin da tekunmu zai iya bayarwa tsohon ƙiyasi ne na kifi baki ɗaya, amma sai ka ji an ɗauko shi an jingina wa istakoza kamar jiya aka ƙirga ta. Kallon kitse ake yi wa rogo.

Ita kanta dabbar tana da halin da ke sa a yi saurin gamawa da ita. Nau'in da ya fi yawa a Bahar Maliya yana zama ne a bakin duwatsun murjani marasa zurfi, inda igiyar ruwa ke fashewa, yana ɓuya a rami da rana, ya fito kiwo da dare. Ba ya shiga tarko da sauƙi kamar 'yan'uwansa na ƙasashen sanyi, don haka da hannu ko da mashi ake kama shi, a bi kan dutse da fitila a daren da babu farin wata. Ma'anar wannan ita ce duk dukiyar tana kwance a kan wani siririn layi da mutum zai iya takawa da ƙafa. Samari kaɗan masu ƙwazo suna iya share dutse guda cikin 'yan makonni, su koma na gaba, kasuwa kuwa ba za ta ga bambanci ba sai ranar da duwatsun suka ƙare.

Sannan ga tsawon lokacin da take ɗauka kafin ta maye gurbin kanta. Macen tana ɗauke da ƙwanta a ƙarƙashin wutsiya, dubbai a dunƙule, har su ƙyanƙyashe. 'Ya'yan ba sa kama da uwarsu ko kaɗan: wasu abubuwa ne fale-fale kamar ganye, masu haske kamar gilashi, da ruwa ke yawo da su a tsakiyar teku wata da watanni kafin waɗanda suka tsira su dawo bakin dutse su zauna, su kuma ƙara shekaru kafin su kai girman sayarwa. Wanda ya kama mace mai ƙwai, ya kankare ƙwan da wuƙa ko buroshi don kada mai saye ya gani, ya sayar da kamun shekaru masu zuwa a kan kuɗin kilo guda. Kuma da yake ruwa ba ya sanin iyakar ƙasa, ɗan da aka ƙyanƙyashe a Sawakin yana iya girma a gaɓar Saudiyya, na can ya zo nan. Hukumar PERSGA mai kula da muhallin Bahar Maliya da ke Jidda, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar Jidda ta 1982, don irin wannan aka kafa ta, kuma Sudan na cikinta.

To, yaya masu hankali ke gane lafiyar istakozarsu? Ba da kallon tulin kasuwa ba. Yammacin Ostireliya ne misalin da ya fi burge ni. Tun 1968 suke jefa wasu tarkuna masu kama da ciyawar ruwa a wurare sanannu, suna ƙirga jariran da suka sauka a kai kowane wata, kuma da wannan ƙidaya suke hango kamun shekara 3 zuwa 4 masu zuwa. A kakar 2008 zuwa 2009 suka ga jariran sun yi ƙarancin da ba a taɓa gani ba cikin shekara 40. A lokacin jiragensu na dawowa cike, babu wanda zai kalli kasuwa ya ce akwai matsala. Duk da haka suka zaftare kamu daga kimanin tan 11,000 da suka saba zuwa wajen 5,500, suka raba wa kowane mai lasisi kasonsa. Masunta sun yi kuka, amma manyan istakoza suka yawaita a ruwa, kowane tarko ya riƙa fitowa da nauyi fiye da da, kuɗin mai ya ragu. A jihar Maine ta Amurka kuwa, masunci in ya ɗago mace mai ƙwai sai ya yanka mata 'yar alama a wutsiya ya mayar da ita, daga nan ta haramta ga kowa ko da an sake kama ta babu ƙwai. Suna kuma mayar da wadda ɓawon bayanta bai kai inci 3 da kwata ba, da wadda nata ya wuce inci 5, domin manyan su ne iyayen gobe.

Tambayoyin da ya kamata a yi wa duk mai tallar taska ke nan, kuma ina so a yi masa su a gaban jama'a. Dare nawa masunci ke yi yau kafin ya cika buhun da yake cikawa a dare guda shekara 10 da suka wuce? Tafiyar awa nawa yake yi daga Bur Sudan kafin ya tarar da dutsen da ba a share ba? Girman abin da ake saukewa ƙaruwa yake ko raguwa? Cikin kowace 100, nawa ne mata masu ƙwai? Wanda ba shi da amsar waɗannan ba shi da hurumin cewa teku na cike, ko da wace irin kujera yake zaune a kai. Binciken da hukumar UNIDO ta Majalisar Ɗinkin Duniya da masana daga Norway suka fara a gaɓarmu a 2012 abin yabo ne, amma da tarko da raga aka yi shi, kan kifi ya karkata, kuma dabbar da ke gudun tarko ba ta nan za a san adadinta ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wannan ilmi ba baƙo ba ne a wurinmu. Hausawan da ke su a Shuɗin Nilu, daga Rusairis zuwa Sinnar da Mai Wurno, da na Jabal Auliya a Farin Nilu, sun san cewa ranar da masunci ya fara neman taru mai ƙananan idanu don ya samu abin da yake samu da mai manya, ruwa ya fara gajiya. Iyayenmu sun zo da al'adar Sarkin Ruwa, mai hana shiga wani gurbi sai lokacinsa ya yi. Tsohon masuncin Beja da ya girma a cikin huri, wato ƙaramin kwale-kwalen su, a Dunganab ko Muhammad Gol zai gaya maka dutsen da ya mutu da shekarar da ya mutu. Waɗannan mutane ba a gayyatarsu taron zuba jari, sai masu kwat da na'urar haska hoto a bango.

Na san abin da za a ce. Za a ce ƙasa na cikin yaƙi, mutane na yunwa, ba lokacin tausayin jatan lande ba ne. Amma talakan da ke gudun hijira ba istakoza yake ci ba, kuma dillalin da zai kwashe ta cikin shekara 3 ba shi zai zauna da masuncin da aka bari da dutse fanko ba. Za a ce a yi kiwonta a keji, kamar ba a san cewa kiwon Biyetnam ya dogara ne kan jariran da ake kamowa daga teku ba, cinikin da ya jawo Indonesiya ta hana fitar da su a 2016, aka buɗe a 2020, kafin shekarar ta ƙare aka kama ministan da ya buɗe, Edhy Prabowo, da laifin cin hanci a kan lasisin. Masu cewa ai Sanganeb da Dunganab na cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO tun 2016, don haka akwai mafaka, su gaya mana jirgin sintiri nawa ke kwana a can da dare. Masu cewa a rufe teku ruf kuwa, daga ofis mai sanyi suke magana.

Makwabtanmu na tsallaken ruwa, wato Saudiyya, da duk kuɗinsu, suna hana kamun najil da ɗan'uwansa ɗaradi wata 2 a kowace shekara, Afrilu da Mayu, lokacin da suke taruwa don hayayyafa. Ba sa yin haka don ƙaunar kifi. Don kada ya ƙare musu ne. Abin kunya ne a ce kasuwar da ke kare nata ruwan ita muke rawar jiki mu cika da namu ba tare da mun ƙirga ba.

Abin da nake nema bai kai kuɗin taron bita guda ba. A sa ɗaliban sashen ilmin teku na Jami'ar Bahar Maliya a Sigala da Sawakin da Muhammad Gol, kowanne da ma'auni da littafi, su riƙa rubuta tsawo da jinsi da wurin kamu da daren da aka kwana, a riƙa buga sakamakon kowa ya gani. Kada a ba kowa lasisin fitar da istakoza waje sai an tara irin wannan lissafi na shekara 2 ko 3. Mace mai ƙwai da ƙanana a haramta cinikinsu, tarar kuma ta hau kan otal da dillali da mai ɗakin sanyi, domin su kaɗan ne, an san ƙofofinsu, kuma ranar da suka daina saye yaron da ke bin dutse da fitila zai daina ɗaukowa.